Tayoyin 'Yar Auta

Mijin Malama mutum ne da ba a gama magana a gabansa. A unguwarsu, Ba-Haka-Ba ake ce masa, domin duk abin da ka faɗa, ko da cewa ka yi yau ana zafi, sai ya gyara tabarau ya ce, "Ba haka ba ne," sannan ya yi maka bayanin yadda ake ciki. Safiyo ne, awon filaye ne aikinsa, kuma da alama ya ɗauka duniyar nan gaba ɗaya an auna ta a karkace. Malama kuwa lissafi ta koyar a sakandare har ta yi ritaya, ita ma ba kanwar lasa ba ce. Sun haura shekara talatin tare suna musu: a kan gishirin miya, a kan tagar da za a buɗe, har a kan ranar haihuwar babbar 'yarsu, wadda Malama ce ta yi naƙudarta amma wai shi ya fi ta sanin ranar.

Yara uku suka haifa, amma a gidan huɗu ake ƙirgawa. Ta huɗun ita ce 'Yar Auta, wata ƙaramar mota koriya mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta, irin waɗanda ake ƙerawa don gudu kawai. Tsohuwa ya saye ta, ya tayar da ita da hannunsa a garejin gidan, noti bayan noti. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar baƙo, tudun rage gudu ma sai an bi da ita a kaikaice take hawa. Malama ta tsani motar nan iyakar tsana. Daga baya ya koya mata tuƙa ta, suna tafe suna faɗa, sai tsanar ta bi iska, amma ko da wasa ba ta taɓa gaya masa ba.

Abin da ya fi gallabar mutanen gidan shi ne huɗubar taya. Ana tsakar cin abinci zai ɗauko ta. Tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, domin su ke tura motar. Ba a haɗa na kamfani biyu. A gefen kowace taya akwai harafin da ke nuna iyakar gudun da za ta iya jurewa, da lambar shekarar da aka yi ta, domin roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Akwai kuma kibiya, dole ta kalli gaba. Shi nasa zaɓin bai taɓa canzawa ba: masu taushin roba, masu ƙarancin zane, waɗanda ke manne wa busasshiyar kwalta a kwana kamar an shafa musu gam. Suna cinyewa da wuri, kuma ba sa shiri da ruwa. Yara sukan sulale ɗaya bayan ɗaya su bar uwarsu. Haka ta haddace karatun nan ba da sonta ba, kamar yadda ake haddace tallar rediyo.

Wata safiya ya sunkuya zai ɗaure takalmi, bai ɗago ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama. Ya daɗe a asibiti, ya dawo gida da sanda, ƙafa tana ja, hannu a naɗe a ƙirji. Bayan wasu watanni harshen ya saki, likita ya ce magana ta dawo, a gode wa Allah. To amma wace maganar? Kalma ɗaya ce ta rage masa: "To." A kawo masa shayi ya huce, to. A buɗe tagar da ba ya so, to. Wata rana da gangan Malama ta matsar da ranar haihuwar babbar 'yarsu har wata biyu a gabansa. Ya ce to. Ta shiga banɗaki, ta saki famfo don kada ya ji, ta yi kuka mai isarta. Wannan musun da ta yi shekaru tana roƙon Allah ya raba ta da shi, ashe shi ne mijin nata.

Likitar da ke masa gashin ƙashi ba ta ɓoye mata ba. Ta ce hannun zai iya dawowa, ƙafar ma haka, amma sai mai su yana so. Shi kuwa zuwa yake a ɗaga masa hannu a sauke, idonsa a bango. In aka ci gaba a haka gaɓoɓin za su sandare, kuma daga nan ba dawowa. Ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa tana nan kan tebur inda aka ajiye ta tun ranar farko.

Ana cikin haka aka yi wa surukinsu canjin wurin aiki, shi ne kuwa mai kai su asibiti. Malama ta shiga gareji ta yaye tamfol. Bakanike ya zo ya sa sabon batir, 'Yar Auta ta yi tari ta tashi. Da ya tsuguna ya duba tayoyin sai ya girgiza kai. Zanensu yana nan, amma gefensu duk ya tsattsage, ƙasansu ya baje saboda zaman wuri ɗaya. Ya ce ya ba su iska, za su kai ta shagon taya in ta bi a hankali, amma kada ta kuskura ta hau babban titi da su. A tsaye a garejin nan dabara ta faɗo mata. In akwai abin da zai sa mutumin nan ya buɗe baki a duniya, to taya ce.

Shigar da shi motar ma aiki ne, sai da maƙwabci ya kama. Bai tambayi inda za su ba.

Mai Taya gajere ne, mai tumbi, tsohon abokin musun safiyon. Sun sha ɓata wuni guda a kan benci suna jayayya a kan iskar da ta dace da tayar baya. Da ya hango koriyar motar ta shigo, ya taso da dariyarsa, amma da ya ga yadda ake fito da mai ita sai dariyar ta maƙale. Ya jawo kujerar roba ya goge da hannun rigarsa. Shagon yana nan yadda yake: tayoyi jere har rufi, warin sabuwar roba, bokitin ruwan sabulu a gefen injin cire taya, kwamfaresar ba taya iska tana tashi tana mutuwa.

Malama ta ɗaga murya yadda na kan kujera zai ji, ta ce a ba ta taya huɗu, duk girma ɗaya, gaba da baya. Mai Taya ya buɗe baki zai gyara mata, ta watsa masa irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya zo ba aikin gida. Ya dubi abokinsa, ya dube ta, ya gane. Ta juya ta tambayi maigidanta ko hakan ya yi.

Ya ce, "To."

Ta ƙara wuta. Ta ce biyu na wannan kamfanin, biyu na wancan. Ta nuna wasu a lungu da ƙura ta rufe, ta ce ai taya ba ta tsufa. Ta ce kibiyar nan ado ce, a ɗaura ta ko ta ina. Mai Taya ya shiga wasan har ya zarce, ya mirgino wata ƙatuwar tayar motar ɗaukar kaya yana rantsuwa za ta zauna daram. Wani mai jiran a duba masa iska ya fashe da dariya. Maigidan yana kallon takalminsa, ya ce to.

Dariyar baƙon nan ce ta kashe mata jiki. Kunya ta rufe ta. Ga ta, mace da jikoki, ta ɗauko marar lafiya ta kawo shi bainar jama'a tana wasa da shi. Ta zauna a kan wata taya, ta haƙura. In ya tafi, ya tafi ke nan. Abin da ya rage shi ne ta yi wa motarsa abin da ya saba yi mata. Murya ƙasa-ƙasa ta ce wa Mai Taya ya bar wasan. Ta faɗi faɗin na gaba, ta faɗi na baya, ta faɗi harafin gudu, ta ce na bana take so, kamfani ɗaya, masu taushin nan da yake saya. Ba ta yi kuskuren ko lamba ɗaya ba. Mai Taya ya hau tsani ya sauko da su daga can sama, baƙaƙe wul, kusan sumul. Ya tura jak ƙarƙashin motar.

"Ba haka ba ne."

Kwamfaresa tana ƙara a lokacin, Malama ta ɗauka kunnenta ne. Sai injin ya mutu, ya sake faɗa, a hankali, bakin yana ɗan karkacewa.

"Ba haka ba ne, Malama. Waɗannan nawa ne. Ke za ki tuƙa." Ya numfasa. "Damina ta kusa. Hanyar asibiti ruwa yana kwanciya a gindin gada. Ke kuma kina taka birki a tsakiyar kwana, na sha gaya miki. Waɗannan za su kwashe ki."

Ta san in ta yi kuka yanzu ta ɓata komai. Ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Ni ce nake taka birki a kwana?"

"Ke fa. Tun ranar da na fara koya miki."

Shi ke nan, aka ɓalle. Ya ce girman da ta faɗa daidai ne, wannan kam ya yarda, amma a kawo masu zurfin zane, masu hanyoyin da ruwa ke bi ya fita. Ya sa Mai Taya ya sauko da iri uku. Ya cusa babban yatsansa na hagu a cikin zanen, ya danna robar, ya sa aka karanto masa shekarar kowace, ya kori ɗaya ya ce ta kwana biyu a shago. Mai Taya ya ce ba ta kwana ba, maigidan ya ce ta kwana. Da hagun ba ta gamsar da shi ba, sai ya kamo hannun daman nan da ita, ya ɗora shi a kan tayar, yana ƙoƙarin buɗe yatsun. Biyu suka ɗan motsa. Malama ta gani, ta kau da kai tana gyara mayafi.

Da aka zo ɗaurawa ya dogara sanda ya tashi tsaye, wai bai yarda a ɗaure masa noti da bindigar iska ba, a ɗauko sifana mai awo. Mai Taya yana tsugune yana gunaguni, yana share ido da kafaɗa, wai ruwan sabulu ne ya fantsar masa.

Suna jiran a sauke jak maigidan ya ce mata, ba tare da ya dube ta ba, tun taya huɗun farko ya gane wasanta. Jikinsa ne ya shanye, ba hankalinsa ba, tayar motar kaya kuma? Ta tambaye shi to me ya hana shi magana duk watannin nan. Ya gyara tabarau. Can ya ce gani ya yi mutumin da ake sa wa riga, ake yanka masa nama a faranti, ba shi da bakin musu da mai yi masa.

Ta ce, "Wa ya gaya maka? Rigar zan sa maka, musun kuma ka yi. Ban auri mai cewa to ba."

Wani nauyi da ta daɗe tana ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjinta. Daɗi ne ta ji, tsantsarsa, irin wanda ta manta akwai shi.

Mai Taya ya tattara masu taushin nan zai mayar sama, ya ce da alama ya daina odar irinsu, tunda mai sayensu ɗaya ne a garin. Maigidan ya ɗaga sanda ya tare shi.

"Kada ka daina. Waɗannan na ruwan za su yi mata 'yan shekaru. Ranar da suka cinye, ni zan tuƙo ta in zo in sa nawa."

A hanyar gida bai bar ta ta huta ba. Ta daɗe a giya ta biyu, ta saki kuloci da gaggawa, sababbin taya suna da santsi sai an ɗan taka su, ta rage gudu. Da suka zo kwanar shiga layinsu ta taka birki a tsakiyarta, da gangan, ya kuwa yi ta faɗa har ƙofar gareji. Tana taimaka masa ya fito ya tambaye ta ina aka kai ƙwallon nan ta likita. Ta ce tana kan tebur. Ya ce a miƙo masa ita, ko da yake tun ranar da ya gan ta ya san ba irinta ya kamata a ba shi ba, ta cika taushi.