Inabin Chile da na Sifaniya a Ranar Jidda

Muna sallame sallar asuba muka tashi daga unguwar Ka'akiyya a Makka, mu uku a motar ɗaukar kaya: ni, da maigidan da nake wa aiki a kasuwar kayan marmari, da babban ɗansa a kan sitiyari. Jidda muka nufa, ɗakin sanyin da ake sauke inabin ƙasashen waje. Ku da kuke bibiyata kun san aikina: kafin maigida ya sayi kaya, ni nake ɗanɗanawa in ce a ɗauka ko a bari. Da harshena nake ciyar da iyalina.

Ga abin da ya fito da mu. Wani otal kusa da Harami ya nemi mu riƙa kai masa inabi, kuma iri biyu ne a hannu, na Chile da na Sifaniya. Ɗan maigida, haifaffen Makka ne, Larabci ya fi masa sauƙi a baki, tuni ya zaɓi na Chile daga hotunan da aka turo masa a waya. A gabana ya ce wa mahaifinsa zamanin ɗanɗano ya wuce. Maigida bai musa ba, ya ce dai mu je a gani, in zaɓina bai bambanta da na waya ba, zan koma wajen masu loda kwali. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Hanyar Jidda shimfiɗaɗɗiya ce, sai duwatsu baƙaƙe hagu da dama, da manyan motocin 'yan Umra suna ta kwararowa Makka. Bayan mun wuce shingen bincike muka tsaya karin kumallo wajen wasu 'yan Afganistan masu gasa tamis, wato gurasar nan mai faɗi kamar faifai. Ta ƙara tsada, ta kuma rage faɗi. Su biyun suka ci da ful, dafaffen waken nan na Larabawa, suka kora da shayi mai madara. Ni gaya na ci, na sha ruwa, don wanda ya sha sukari da safe duk inabin duniya lami zai ji shi. Ɗan maigida ya kalle ni ya ce, “Ya Ammi,” wato baffa, “azumin nafila ne?” Na ce masa makamin aiki nake wasawa.

A ɗakin sanyin wani Basudane mai fara'a ya tarbe mu, ya ba mu riguna masu kauri. Da ya ga ina shinshina inabi ina jujjuya shi a baki, ya yi dariya ya ce a can ƙasashen akwai masu wannan yanga, amma su giyar inabin suke kurɓa su tofar, har a biya su. Na ce masa Allah ya tsare, mu tun yana halal muke gamawa da shi.

Na Chile ja ne, manya-manya, yana sheƙi. Na ciro ƙwaya daga can ƙasan reshe, domin nan ne zaƙi yake isa a ƙarshe. Ta fashe ƙaras a baki, zaƙi har kunne. Na Sifaniya kore ne, bai kai shi girma ba, ba iri a ciki, da ɗan tsami-tsami a ƙarshe. Ba zan yi ƙarya don in ci gardama ba, na ce na Chile ya fi daɗi. Ɗan maigida ya yi murmushi ya ciro waya zai tabbatar da oda.

Sai na roƙi abu guda: a fitar da kwali ɗaya na kowanne a ajiye a bayan motarmu, mu je mu yi azahar mu dawo. Mu a Ka'akiyya ba ma yanke wa inabi hukunci a cikin sanyi, don ba a cikin sanyi zai yi tafiya daga kasuwa zuwa otal ba, kuma ba a firji za a jera shi a gaban baƙi ba. Ɗan maigida ya ce ɓata lokaci ne. Mahaifinsa ya ce, “Bar Malam ya gama aikinsa.”

Muka yi salla, muka ci shinkafa da soyayyen kifi a wata rumfa. Kifin Jidda ba a magana, amma ban ji daɗinsa ba, hankalina yana bayan mota.

Da muka dawo na ɗago reshen na Sifaniya na girgiza shi sau biyu. Ƙwaya ɗaya ce ta faɗo, tsinkensa kore shar. Na miƙa wa ɗan maigida na Chile na ce ya girgiza da hannunsa. Inabi ya zubo kamar an tsinka carbi, ya bar shi riƙe da busasshen tsinke. Basudanen ya sosa ƙeya ya amsa cewa ƙarshen kakar Chile ke nan, kayan sun daɗe a teku sun kuma daɗe a ɗakinsa, na Sifaniya kuwa sabon sauka ne. Da an kai wancan otal, da kafin a ɗora shi a faranti ya gama kakkaɓewa.

Ɗan maigida ya kalli tsinken. Sannan ya ce, “Wallah sadagt, ya Ammi. Ka yi gaskiya.” Ya juya kan Basudanen da Larabcinsa mai gudu, ya yi cinikin da ni ko na shekara ba zan iya ba. Wannan kam na ba shi.

Mun shigo Makka gab da magariba da kayan Sifaniya cike da mota. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, abin da na sani yana nan da amfaninsa, amma sai na bari an gani da ido, ba in tsaya ina fushi ba. Muna tsayawa a ƙofar shago mutumin otal ya kira yana tambayar wa ya zaɓi kayan. Ina jin ɗan maigida ya ce masa, “Muna da mai ɗanɗano namu. In bai sa baki ba, ba ma saye.” Na shige ciki da sauri don kada su ga yadda bakina ya ƙi rufuwa.