Igiyar da Baba Ya Kwance

Duk lokacin da na ji warin igiyar rama da ruwa ya jiƙa, sai raina ya ɓaci. Jikokina sun san haka, shi ya sa da damina ba sa shanya igiyar awaki a ƙofar ɗakina. Na san kai ma in ka ji dalili za ka ce tsohuwar nan ta cika riƙo. To, ina da riƙon.

Babana ɗan doka ne a Dutsin-Ma, zamanin da ban wuce a aike ni sayen daddawa ba. Ban manta yadda ake kallon 'yan doka ba, in ya shiga kasuwa da kulkinsa sai hira ta mutu. A gida kuwa mutum ne mai zama gindin durumi, ya naɗe wando yana tufkar igiya a cinya. Da ita yake aiki. A lokacin in za a kawo mai laifi daga ƙauye, a ƙafa ake tafiya: a ɗaure hannunsa, a ɗaura igiya a ƙugunsa, ɗaya bakin kuma a ƙugun ɗan doka. Dokarsu ita ce ba a kwancewa sai a ƙofar ofis.

Wata damina, ana tsakiyar marka, gero ya kai kafaɗa, aka tura shi Kurfi ya taho da wani manomi mutumin Wurma wanda ya fasa wa maƙwabcinsa kai a rigimar iyakar gona. A hanyar dawowa suka tarar gulbi ya kawo. Baba ya kwance wa mutumin hannu don ya iya iyo, suka shiga. A tsakiya ƙafar Baba ta zame. Da ya ga ruwa zai tafi da shi, zai kuma ja mutumin, sai ya warware ƙullin da ke ƙugunsa.

Mun san wannan ne domin manomin bai gudu ba. Ya shigo gari jiƙe sharkaf, igiya na jan ƙasa a bayansa, ya kai kansa ofis. Gawar Baba sai washegari aka same ta a maƙale jikin saiwar itace.

Bayan sadakar bakwai Saje, shugabansu, ya zo karɓar kayan aiki: riga, hula, ɗamara, usur da kulki. Ya ajiye igiyar a gaban Iya, mahaifiyar Baba, ya ce wannan ba ta hukuma ba ce. Yana magana yana kallon takalminsa.

"Iya, ki yi haƙuri. Na sama sun ce ya karya doka, shi ya kwance ma fursuna."

"To da mi za shi yi?" in ji Iya. "Shi tahi da ɗan mutane lahira?"

Saje ya tattara kayan ya fita.

Da kaka ta yi, rumbuna suka cika, aka yi shela za a yi fareti a filin gari don tunawa da 'yan dokan da suka rasu a bakin aiki. Iya ta ɗauko zanen saƙinta na ƙasan adaka, ta shafa mini man shanu a kai, ta ja hannuna. Muka tsaya a rana. Aka busa bigila, wani babba da ya zo daga birni ya fara kiran sunaye. Ya kira wanda ɓarayin shanu suka harba da kibiya. Ya kira wanda doki ya kayar. Kowane suna sai dangi su fito a yi musu gaisuwa. Iya tana ta gyara lulluɓi, ƙafa ɗaya a gaba, tana jiran namu. Sai kawai aka yi fatiha, mutane suka watse. Ta matse hannuna har ya yi zafi, ta ja ni muka koma gida. Daga ranar ba ta ƙara ɗaura zanen nan ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, da Baba ya bar ƙullin nan sun nutse tare, da an kira sunansa. Mutum biyu a kabari, shi ne aiki ya yi kyau! Manomin kuwa, da ya gama zaman gidan yari, kowace kaka sai ya ɗauko damin gero a ka tun daga Wurma ya dire a ƙofarmu. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ga ɗanki ya zo." Haka ya yi har ƙafa ta gaza.

Yanzu an yi gada a wurin, mota na wucewa ba wanda ke leƙa ruwan. 'Yan doka ma an daɗe da narkar da su cikin 'yan sanda. Bara jikana, wanda ya shiga aikin ɗan sanda duk da faɗan da na yi, ya kai ni taron tunawa da 'yan uwansu da suka kwanta dama a bakin aiki. Allah Ya jiƙansu, sun cancanta. Na tafi da igiyar a cikin mayafi. Aka gama kiran sunaye, mai lasifika ya ce kowa ya yi shiru na ɗan lokaci.

Ni na yi shirun nan tun ina yarinya, Iya ta yi shi har ta mutu. Na dogara sanda na miƙe, na kira sunan ubana da ƙarfi. Jikana, a cikin layi, ya ƙame ya sara.