Tafkin da Na Ja da Rula

Aikina a Faris cikin shekarun tamanin kwafar zane ne. Shagonmu yana wani lungu bayan Porte de la Chapelle, inda ƙarar manyan motoci ba ta yankewa. A kawo taswirar gini ko ta bututun ruwa da ta koɗe, in shimfiɗa takarda mai shara-shara a kai, in bi ta da alƙalamin tawada har ta fito sabuwa. Karatuna bai wuce lakwal ta farko, wato firamare, a Damagaram ba. Hannu ne ya ba ni aikin, hannun kuwa na same shi wurin mahaifina, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkin manyan riguna a Birni.

A wannan sana'a tamu, mai zane yakan fitar da aska da tambari a jikin yadi da tawada, amma kafin a kai rabin aiki gumi da yawan riƙo sun shafe wani wurin. Ba a mayar da riga wurin mai zane. Sai ka dubi inda layi ya tsaya, ka dubi inda ya sake ɓullowa, ka haɗa su da ido. Wanda ya bar giɓi a ƙirjin riga ba a sake ba shi aiki. Haka na riƙa yi da taswirar gini, mai shagon kuma, wani tsohon Bafaranshe marar yawan magana, yana jin daɗi, don bangon da ya ɓace a tsakiyar takarda kowa ya san bango ne.

Wata ranar sanyi wata ɗaliba daga Liyon ta shigo da kwali cike da naɗin fim. Doguwa ce, rigar sanyinta ta yi mata yawa, tana magana tana cizon murfin alƙalami. Ta ce tana rubuta babban littafinta na jami'a a kan ƙasar da ke ƙurewar kudancin duniya, wadda ƙanƙara ta rufe gaba ɗaya. Na ce ai na ɗauka ƙanƙarar a kan teku take. Ta ce a'a, ƙasa ce sosai, mai tsaunuka da kwaruruka, sai dai ƙanƙarar da ke kanta ta kai kilomita uku, wani wurin ma ta fi, kuma babu ɗan Adam da ya taɓa ganin abin da ke ƙasa da idonsa. Jirgin sama ne yake bi ta kai, yana aika igiyar rediyo ƙasa, ta ratsa ƙanƙarar, ta bugi dutse, ta dawo. Abin da ya dawo shi ne a jikin fim ɗin.

Muka sa naɗi ɗaya a na'urar da ke haska hoto kan tebur. Layi biyu na gani cikin hazo-hazo. Na sama yana tafiya sumul, shi ne bayan ƙanƙara. Na ƙasa yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, shi ne dutsen. Ta ɗora yatsa a kan wani tsini ta ce wannan tsauni ne, da a sarari yake da sai mutum ya kwana biyu yana hawansa. Ta nuna wani rami ta ce wannan kwari ne da kogi ya haƙa tun ƙasar tana da itatuwa, yanzu gindinsa ya yi ƙasa da bakin teku, don nauyin ƙanƙara ya danne ƙasar kanta ta lotsa. Ta ƙara da cewa dutsen can da na ƙasarmu dangi ne, a dā a manne suke.

"Abin da ka gani kawai za ka zana," ta ce.

Na ce to. A raina na ɗauka tana nufin kada in yi wa aikin ado.

Fina-finan aro ne daga wani gidan bincike a wata ƙasa, kuma an ba ta sati shida ta mayar. Ta zauna kusa da ni ta duba na farko-farko, ta yaba, sannan ta koma Liyon don tana da darasi. Aka shirya in riƙa aika mata takardun ta gidan waya, fina-finan kuma mai shago ya mayar wa masu su in an gama. Na so aikin nan fiye da duk wanda na taɓa yi. Nakan taso daga unguwarmu, Clichy-sous-Bois, da sassafe, in sauka mota in shiga jirgin ƙasa, ina ɗokin ganin tsaunin da zai fito mini yau. Har na fara gane su: masu kaifi, da masu kai a mulmule kamar duwatsun bayan garinmu.

A naɗi na kusa da ƙarshe, layin ƙasa ya sauko daga wani tsauni, ya dushe, ya ɓace. Bai sake fitowa ba sai bayan kamar taƙi ɗaya a kan tebur, gindin wani tsaunin. Na ƙara haske, na rage, babu komai sai toka-toka. Bakin nan da bakin can tsayinsu ɗaya. Na ɗauki rula na haɗa su. Ban daɗe da cika alƙalamin ba, sai layin ya fito da kauri. Na busa masa iska ya bushe, na ci gaba. Ban yi tunanin komai ba, wallahi, ko na minti ɗaya.

Bayan an mayar da fina-finan da kwana kaɗan ta bugo waya shago. Malam take ce mini, don ta ji wani ɗan garinmu ya kira ni haka.

"Malam, ka san abin da ka zana mini a takarda ta kusa da ƙarshe?"

Na ce dutse.

"Dutse ba ya miƙewa haka! Dutse gargada gare shi. Abu ɗaya ne yake kwanciya sumul ya mayar da igiya da ƙarfi. Ruwa ne, Malam. Tafki!"

Ta yi mini bayani tana haki. Cikin ƙasa yana fitar da ɗumi, ƙanƙarar kuma ta zama bargo, sai gindinta ya narke ya taru a kwari, cikin duhu, shekaru aru-aru. An taɓa ganin irinsu, amma ba a wannan yankin ba. Ta ce ta riga ta aika kwafi ga babban malamin da zai zo daga Faris ya saurari ɗalibai, shi ne kuma zai zaɓi mutum ɗaya da zai bi jirgin ruwa zuwa can kudu a shekara mai zuwa. Tun tana ƙarama take son wannan tafiya.

Na ce, "Madalla, Madmazel." Na ajiye waya.

Sati uku na yi da abin a cikina. Na gaya wa kaina wataƙila ma akwai tafkin, tunda ba wanda ya gani. Na gaya wa kaina takardar zamana a ƙasar ta rataya ne a kan aikin nan, in mai shago ya ji, shi ke nan. Amma gaskiyar da na fi jin kunyarta ita ce, na ji daɗin yabon da ta yi wa hannuna, ban so ta janye shi ba. Ana cikin haka ta aiko a yi mata babban zane na wurin, wanda za ta kafa a allo gaban malamai. Na zauna kwana biyu na sake jan ƙaryar, wannan karon da faɗin tebur. Mai shago ya ce gidan waya za su murƙushe shi, in kai mata da hannuna.

Na hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Liyon da zanen a naɗe cikin bututun kwali. A Bron, wata unguwa a gefen garin, na sauka gidan wani Alhaji Bakano mai fataucin atamfa da turare, wanda muka saba tun a masallaci a Faris. Bayan mun gaisa mun yi azahar, aka kawo shinkafa da miya, ya ga ina juya cokali kawai.

"Badamagare yana kallon abinci bai ci ba? Lalle akwai magana. Ko ka ji an ce Bakano ne ya dafa?"

Na kwashe labarin duka na gaya masa. Ya yi dariya har ya ajiye cokali.

"Wato ku ruwan sha ya gagare ku a garinku, shi ne ka zo Turai kana haƙa wa Nasara tafki da alƙalami!"

"Alhaji, ba abin dariya ba ne."

"Na sani." Ya goge ido. "Yaushe za ta tsaya gaban malaman?"

"Gobe da safe."

"To me kake yi a gidana? Tashi. Shinkafa ba ta gudu. In ka bari ta faɗa a gaban manya, su kuma suka nemo fim ɗin suka duba, ba za su ce wani mai kwafa ya yi ba. Za su ce ita ce maƙaryaciya, kuma sunan zai bi ta har ta mutu."

Ya raka ni har bakin mota, ya tsaya sai da ya ga na shiga.

Na same ta a wani ƙaramin ɗaki a jami'a, takarduna duk a jikin bango. Ta karɓi bututun da murna, za ta buɗe, na ce ta dakata. Na faɗa mata a tsaye, hulata a hannu. Na ce babu layi a wurin, ni na ja shi da rula.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna. Sannan ta ce, "Daga ina zuwa ina?"

Na nuna mata.

"Ko alamar layi babu? Ko ɗan haske?"

"Babu, Madmazel."

"Akwai wasu wuraren?"

Nan ne na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don akwai. Ƙanana ne, faɗin yatsa, faɗin yatsa biyu, amma suna da yawa, tun daga takardar farko da ta bar ni ni kaɗai. Ta miƙo mini jan fensir. Muka bi bangon takarda bayan takarda har la'asar ta wuce, ina zagaye duk inda na tuna hannuna ya cike. Wani wurin ban tabbata ba, ta ce in zagaye shi ma. Sau ɗaya ta tambaye ni dalili. Na ba ta labarin riga da gumi. Ta gyaɗa kai kawai.

Washegari ta ce in zo in ɗauko mata zanen. Ɗakin ba shi da girma, malamai huɗu a gaba, ɗalibai a baya, ni a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Ta yi bayanin tsaunuka da kwaruruka da murya a natse. Da ta iso wurin tafkin, ta ce tana janye abin da ta rubuta a wasiƙar da ta aika wa babban malamin: layin ba ya cikin fim, an cike shi ne wajen kwafa, kuma duk inda suka ga ja haka yake. Babban malamin, wani dattijo mai farin gashi, ya cire tabarau.

"Wa ya yi kwafar?"

"Aikin nawa ne," ta ce. "Ni ya kamata in duba kowace takarda da fim ɗinta kafin a mayar. Ban duba ba."

"Tambayata, wa ya ja layin?"

"Ni na sa hannu a kai, Malam. Ni za a tambaya."

Ina zaune taku goma daga gare shi. Na san abin da take yi: ta san zancen takardar zamana, don na faɗa mata jiya. Da na miƙe na ce ni ne, da na ce ta gargaɗe ni tun ranar farko, wataƙila da dattijon ya ga abin da wani ido. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne ƙafafuna lafiya lau suke, bakina ma haka, kuma ban tashi ba. Na sunkuyar da kai ina kallon murfin bututun kwali a cinyata har aka kira ɗalibi na gaba.

A bakin ƙofa ta ba ni hannu, ta ce in sauka lafiya. Ban iya haɗa ido da ita ba. Na sha neman gafarar Allah a kan layin, amma zaman nan da na yi a kujera ya fi damuna, don layin na ja shi ne cikin rashin sani, zaman kuwa ina sane.

Bayan kamar wata guda ta bugo waya shago. Ta ce an zaɓi wani ɗalibin, shi zai bi jirgin ruwan. Ita kuma sai ta sake neman aron fina-finan, littafin zai ƙara shekara. Ta faɗa ne a hankali, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Ta ce ta ga ya dace in ji daga bakinta. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta ji, sannan ta ce ana jiran wayar, sai wani lokaci.

Mai shago ya ɗago kai daga teburinsa.

"Yarinyar ƙanƙara ce? Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce zanen ya isa lafiya."

Ya ce da kyau, ya miƙo mini taswirar wani gidan sama da ruwa ya ɓata. Na karɓa na koma wurin zamana.