Sistar da Ba Ta Ƙyale Ɗan Rakiya

Kafin a buɗe ɗakin duba ido, Sista ta riga ta goge na'urar awo, ta ja labule, ta ajiye kujeru biyu: ɗaya ta majinyaci, ɗaya ta wanda ya rako shi. Duk wanda aka samu da hawan jinin ido, sai ta auna ɗan'uwan da ya kawo shi, domin ciwon yana bin dangi. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Wani direban motar makaranta ya ba ni labarin ranar da ya kai mahaifiyarsa. Yana tsaye da makulli a hannu, Sista ta ce ya zauna. Ya yi dariya, ya ce shi da ke karanta lambar mota tun daga nesa?

"Zauna mana, sarkin gardama," in ji mahaifiyar. "Allura aka ce za a yi maka?"

Na'urar ta hura masa iska a ido. Sista ta dubi sakamakon, ta sake aunawa. Sannan ta rufe masa idon dama, ta ce ya kalli hancinta, ta ɗaga yatsu a gefen fuskarsa.

"Nawa ne?"

"Ai ba ki ɗaga ba tukuna."

Hannunta kuwa yana sama. Mahaifiyar ta dafe ƙirji.

Likita ya haska cikin idon, ya tabbatar jijiyar gani ta fara lalacewa. Ciwon yana cin gani daga gefe, ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Direban ya ce abin da ya faɗo masa a rai shi ne yaran da ke tsallakawa ta gefen motarsa kowace safiya. Ya ajiye tuƙi, ya koma gyaran motocin makarantar, yana ɗiga magani kullum. Sauran ganinsa yana nan.

Sista, ke ce mai tare makanta tun tana hanya. An kira ki mai naci, ba ki fasa ba. Masu gadon kujerarki su gaji wannan nacin. Duk wanda ake da irin ciwon a gidansu kuma ya je a auna shi tun bai ji komai ba.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Direban ya ce in gaya miki matarsa ta sauka, kuma jaririyar da shi take kama. Shi ya fara lura.