Koren Kwanon Kakana

Abu uku kakana yake da su lokacin da na yi wayo: gidan saukar fataken goro a Zangon Kumasi, amini ɗaya, da koren kwano na tangaran. Har yau in na ji an ƙwanƙwasa tangaran ya yi ƙara siririya, shi nake tunawa.

Wani alhaji ne ya sayar masa da shi, ya ce daga ƙasar Sin ya fito. Korensa irin na ruwan kududdufi ne bayan an ɗauke ruwan sama. A bayansa an zana ganyen bado ya zagaye shi, a cikinsa kuma kifi biyu, kana zuba ruwa sai ka ga kamar suna motsi. Alhajin ya ce in aka zuba abinci mai sammu, kwanon zai sauya launi. Kakana kuwa ƙaninsa ya mutu a hanyar Salaga bayan ya ci tuwon masauki, kuma bai taɓa yarda ajali ne kawai ba.

Daga nan ya daina sa hannu a akushi tare da baƙinsa. Ni nake kai masa abinci ɗaki. Sai ya juye a koren kwano, ya zuba masa ido, sannan ya ci shi kaɗai, ga hira da dariyar fatake tana shigowa daga zaure.

Amininsa mahauci ne, tare suka sauko daga arewa tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kumasi. Wata damina kakana ya kwanta zazzaɓi, mahaucin ya kawo masa romon kai da hannunsa, ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Kakana ya miƙo mini kwanon ya ce, "Juye nan, amaryata." Na juye. Ya tsaya yana kallo yadda ya saba.

Mahaucin ya dube shi, ya dubi kwanon. Ya ce, "Malam, har da ni?"

Kakana ya ce, "Sabo ne kawai."

Mahaucin ya ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi." Ya ɗauki takalmansa ya fita cikin ruwa. Sun ci gaba da gaisawa a masallaci, amma bai sake taka ɗakin ba sai ranar da ya zo wankan gawar kakana.

Yau shekara arba'in ina sayar da kwanuka a unguwar Alabar, nan Kumasi, na san abin da ke da daraja. Wani Kwara, Balarabe mai kanti, ya taya koren kwanon da na gada da kyau, ya ce tsohon aiki ne, yanzu ba a yin irinsa. Ban sayar ba. Gidan ya koma hannun wasu, fatake sun daina sauka, yara yanzu kowa da farantinsa.

Shekara goma sha ɗaya kakana yana cin abinci a kwanon nan. Ko sau ɗaya bai sauya launi ba. Amini ɗaya gare shi, kuma a kan kwanon ya rasa shi.