Allurar Kwana Uku

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da na durƙusa gaban surukina ina roƙon a ba ni mai jego.

Shekarun da aka fara Shari'a ne. Maiɗakina na da cikin fari, na kai ta awo asibiti a Rano. Malamar awon ta gwada jininmu, ta ce nata irin wanda ba ya shiri da nawa ne. Wannan ɗan lafiya zai zo, in Allah ya yarda, amma in ba a yi mata wata allura cikin kwana uku da haihuwa ba, jininta zai riƙa cutar da masu zuwa baya. Na rubuta da ajami a bayan katin awon, na sa aljihu. Ban gaya wa kowa ba. Ina ni ina zancen ciki da manya?

Ta tafi goyon ciki gidansu a Tarai, ta sauka asubahin Talata. Saƙo ya zo wa mahaifiyata, ni kuwa ɗan farinta ne, bakinta ba ya iya wannan albishir. Sai Alhamis da hantsi wani maƙwabci ya yi mini barka. Na ƙirga da yatsu, na ga saura ƙasa da kwana ɗaya.

Na hau babur, ko salatin kirki na kasa haɗawa.

"Baba, asibiti zan kai ta," na ce wa surukina, kaina a ƙasa.

Kakarta ta leƙo zaure. "Kai angona, ɗokin ne haka? Ɗanyen jego, ko cibiya ba ta faɗi ba! Ciwon me take yi?"

Abin da ya ɗaure ni ke nan, lafiyarta ƙalau. Sai na miƙa katin. Surukina ya karanta a hankali, ya sake karantawa.

"Tun yaushe ka san wannan?"

"Wata biyar, Baba."

Ya miƙo mini katin. Sannan ya ce, "Ku lulluɓe ta, a nemo mota."

Bayan la'asar aka yi allurar. Malamar ta ce da mun kwana, da mun makara.

Allah ya ba mu huɗu bayan wannan, duk suna raye. Kunya abu ne mai kyau, har gobe ina yin ta. Amma maganar da rai ya rataya a kanta, tun ranar nake faɗinta da wuri, ko a gaban wa.