Na'Allah da Abokinsa Bajamushe

Duk Dakoro ba wanda ya san Sallau da sunan yanka, Bajamushe ake ce masa. Wannan suna shi ne ke hana maƙwabcina Na'Allah cin tuwo da daɗi.

Tare suka buga balo tun suna lakwal, wato makarantar boko. Na'Allah ke yanke mutum uku cikin rairayi, ya miƙa, Sallau ya sa ƙafa ya tura raga. Wata shekara wani Bature ɗan Jamus ya zo aikin rijiyoyi wajen Azagor. Tsohon ɗan wasan gaba ne a ƙasarsu, gwiwa ta zaunar da shi. Ya kalli wasansu da 'yan Birnin Lalle, ya ga Sallau ya ci, ya ba shi rigarsa mai lamba tara. Na'Allah kuwa sai dafa kafaɗa ya samu.

Daga nan Sallau ya buga a Maradi, ya dawo ya buɗe shagon faci, yau har jikoki. Na'Allah na sayar da gero, yana faɗa wa duk mai awo cewa shi ne ya miƙa balon.

Bana, gasar samari ta hutun damina ta zo wasan ƙarshe. Al'ada ce tsohon ɗan wasa ya yi bugun farko, mai sanarwa ya kira sunansa gari ya ji. Ƙafar Sallau ta kumbura, aka ba Na'Allah. Ya ɗinka sabuwar shadda. Matarsa Furera ta ce, "Malam, balo za ka buga ko ɗaurin aure za ka?"

Ran wasa, Na'Allah ya tsaya tsakiyar fili. Lasifika ta ce, "Ga abokin Bajamushe!"

Na'Allah ya take balon, ya harɗe hannu. Alƙalin wasa ya busa, bai motsa ba.

Alƙalin ya ce, "Baba, mi ya faru?"

"Uwata ba ta haifi abokin kowa ba. A faɗi sunana!"

Mai sanarwa bai san sunan ba. Sai Sallau ya ɗingiso, ya karɓi lasifikar. "Na'Allah ɗan Mainassara ke nan, jama'a! In ba don ƙafar wanga mai baƙin rai ba, da ko akuya ban ci ba."

Fili ya ɗauki tafi. "Allah sarki Bajamushe! Ga iya wasa, ga kirki!" Samari suka ɗaga Sallau sama.

Na'Allah ya ja da baya, ya narka wa balon ƙafa, ta haure katanga ta faɗa gonar wake. Ya kakkaɓe shaddarsa ya tafi gida. Sai da aka aro wata kafin a fara wasa.